Rakiyar Mai-Dukan-Bango Zuwa Ankara

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A asibitinmu na Tambuwal, ko awon ciki nake yi sai wata ta leƙo ta ce, "Ashe Gana kinka je? Mi kinka gano?" Laraba da Hajara, abokan aikina na ɗakin haihuwa, sun ma fi kowa naci, kullum sai na ba su guntu, gobe su ce jiya ba haka na faɗa ba. Na gaji da gutsure-gutsure, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wadda ta sake tambayata takarda zan miƙa mata.

Sai na fara da babana, don tafiyar tasa ce, ni 'yar rakiya ce. Sunansa Sahabi, tsohon soja ne, mutumin Kebbe. Tun ina ƙarama labari guda yake bayarwa. Wai yana kurtu a bariki aka sa shi sharar wani ɗaki da hafsoshi ke wasa a ciki, wasan da ake kira sukwash. Ɗaki ne mai bango huɗu, mutum biyu su shiga su rufe ƙofa, kowa da raket a hannu, wato wani abin bugu kamar matankaɗi mai dogon mariƙi, su yi ta dukan wata 'yar baƙar ƙwallo tana bugun bango tana dawowa. Wanda ya bari ta taɓa ƙasa sau biyu kafin ya mayar, an ci shi. In hafsa ya zo bai tarar da abokin bugu ba, sai ya ce kurtun nan mai tsintsiya ya shigo. Da haka hannun Baba ya faɗa, in ji shi, har aka tafi da shi babban taron wasannin ƙasashe a Ankara ta ƙasar Gana, a shekarar da aka fara sa sukwash cikin jerin wasannin, fiye da shekara arba'in ke nan. Ya ce ya zo na uku, lambar tagulla tasa ce.

To ina lambar? Babu. Ina hoto? Babu. In aka matsa masa sai ya ce, "Tana can," ya kama wata magana. Mutanen Kebbe kuwa ba su da wuyar ba mutum suna, suka sa masa Mai-Dukan-Bango. Amininsa Malam Ɗan-Ige, wanda suke zama gindin darbejiya tare tun kafin a haife ni, shi ne shugaban 'yan tsiya. Yakan ce, "Sahabi, mu nan garin in mutum ya tashi faɗa da bango, ba lamba aka ba shi ba, asibitin mahaukata na Kware aka kai shi." A yi ta dariya, Baba ma ya taya su. Ni kuwa ba na dariya, kunya nake ji. Kuma tunda gaskiya na zauna faɗa, bari in faɗe ta duka: ni ma ban yarda da labarin ba. Na ɗauka irin ƙarin gishirin tsofaffin sojoji ne, wanda ya tafi da tsintsiya ya dawo da labarin sarauta.

Ana nan sai ga takarda ta biyo ta hannun masu biyan fanshon tsofaffin sojoji. Wata malama ce daga Ankara, Madam Efuwa, take tattara tarihin sukwash a wasannin. Ta ce an daɗe da cire shi, an mayar, an sake cirewa, bana an dawo da shi, suna son duk wanda ya halarci na farkon nan kuma yana raye ya zo a karrama shi. Ta ga sunan Baba a wata tsohuwar takardar waɗanda suka yi tafiyar. Da aka karanta wa Ɗan-Ige sai ya ce, "Yo ai ko mai ɗaukar jikka sunanai na cikin takarda." Baba ya ce zai je, kuma ta mota, don ya hau jirgin sama sau ɗaya a rayuwarsa, bai ga abin da zai mayar da shi ba. Yana da hawan jini, aka ce ni zan bi shi da magani da abin awo. Maigidana ya yarda, na ɗauki hutu. A raina na ce, ko ba komai wannan karon magana za ta ƙare, ko dai a daina yi wa ubana dariya, ko shi ya daina ba da labarin.

Sai da na fara zuwa Kebbe na ɗauko shi. Ƙarshen damina ne, wanda ya san hanyar nan ya san ba sai na yi bayani ba. Mai babur ya kayar da ni cikin taɓo sau ɗaya, ya tashi yana tambayar lafiyar babur ɗinsa kafin tawa. Na tarar da Baba ya shirya tun shekaranjiya: riguna biyu, buta, darduma, da wani farin takalmin roba da ya saya a kasuwa. Na ce, "Baba, wanga takalmi na mi ne?" Ya ce, "Inno, ba a shiga ɗakin da baƙin takalmi, shina ɓata daɓe." Inno yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Na ce a raina, wa ya ce maka za a bar ka ka shiga? Amma na sa masa a jaka.

Daga Tambuwal muka shiga motar Jega, daga nan muka sami ta Bagudo, muka ƙetare kogin Kwara, muka bi ta Ka'oje zuwa Tsamiya, bakin iyakarmu da Binin. A Jega Allah ya haɗa mu da Hajiya Kulu, 'yar Sanyinna, mai fataucin albasa, wadda ta san hanyar Ankara kamar hanyar rijiyar gidansu. Kayanta sun yi gaba a babbar mota, ita tana bin su a baya. Mace ce mai jiki da murya, in ta yi wa direba magana sai ya rage gudu ko bai ji abin da ta ce ba. Da ta ji inda za mu ta dafa ƙirji ta ce, "Tsoho da baƙuwar tafiya, ku kaɗai? Wallahi ba ni barin ku, ku biyo ni." Ba don ita ba da har yau muna wata tasha muna tambayar hanya.

A iyaka ne na sha kunyar da ban taɓa sha ba. Takardun Baba tsaf, har da katin rigakafin shawara, wanda ni da hannuna na yi masa allurar na cike katin. Aka zo kaina, na zazzage jaka, babu nawa. Na bar shi a aljihun farar rigar aiki a Tambuwal. Ni da na yi shekara da shekaru ina bin matan ƙauye gida-gida ina yi musu faɗan kati, yau ga ni ana nuna mini benci. Ma'aikaciyar wurin ba ta yi fushi ba, ta dai ce doka ce, in naɗe hannun riga. Na ce mata ni ma aikina ke nan, ta ce to madalla, ba sai ta lallashe ni ba. Ta soka mini ta ba ni sabon kati, kuma gaskiya hannunta ya fi nawa sauƙi. Baba yana gefe yana danne dariya, Hajiya Kulu kuwa ba ta danne ba. Ta ce, "Wanzami ba ya son jarfa, yau ga ranarki." Har muka kai Kandi hannuna yana ciwo, ita tana maimaita labarin ga duk wanda ya shigo motar.

Mun kwana a Paraku a gidan wani mai masaukin fatake, Bahaushe da aka haifa can, maza a zaure, mata a cikin gida. Abin da ya fara ɗaure mini kai a garin nan mata ne a kan babur. Ba goyo ake yi musu ba, su ke tuƙi, wata da jariri a baya, da kwandon tumatir a gaba, tana danna ham tana zagin mai mota. Na tsaya ina kallo har Hajiya Kulu ta ja ni. Na tuna faɗuwata a hanyar Kebbe, na ce da ni ke riƙe da kan babur ɗin nan da ban faɗi ba. Abinci kuwa sakwara aka kawo da miyar gyaɗa da wani cukun Fulani soyayye da suke kira wagashi. Baba ya ci ya ce doya ba ta zama a ciki, kamar an ci iska, ya tambaya ko akwai fura. Aka samo masa, amma da ƙanƙara a ciki da madarar gwangwani. Ya sha don kada ya ƙi karamci, ya ce wannan ba fura ba ce, 'yar'uwarta ce da aka aurar birni.

Daga Paraku zuwa Kwatano yini guda ne cur. Ƙafafun Baba suka kumbura, na sa aka tsaya sau biyu ya taka ƙasa, direba yana gunaguni da Faransanci, ni ina rama masa da Hausa, babu mai jin wani, kowa ya huce. Washegari muka ratsa Togo, wadda ta bakin teku ba ta da faɗi, kafin ka gyara zama an ce ga wata iyakar. Nan na fara ganin teku. Zan bar muku labarinsa, ruwa ne mai yawa, ba shi da ɗaya gefen. Abin da ya fi shiga raina shi ne iyakar Aflawo ta shiga Gana, inda mata ke ɗauke da kaya a ka suna ratsa ƙasa da ƙasa kamar masu zuwa gidan maƙwabta. Wannan karon katina na fara miƙawa tun kafin a tambaya.

A Ankara masu gayyata sun tanadar mana ɗaki a otal. Ƙofar ba ta da makulli sai wani kati, wanda Baba ya rufe a ciki tun ranar farko, muka tsaya a waje kamar baƙin da ba a san da zuwansu ba. Sanyin na'ura ya sa masa tari, bayin kuma babu inda mutum zai tsuguna da butarsa. Da gari ya waye ya ce shi ba zai ƙara kwana a firji ba. Hajiya Kulu ta kai mu zango, unguwar Hausawa, gidan wata ƙawarta, aka ba mu ɗakuna biyu. Hausarsu ta sa ni dariya, mace ma "ya zo" ake ce mata, kakanninsu daga Sakkwato da Kano suka zo amma yawancinsu ba su taɓa ganin gero a gona ba. Sun riƙe mu kamar 'yan'uwa. Da safe koko da ƙosai kamar gida, da rana shinkafa da wake da suke dafawa da karan dawa har ta yi ja, a zuba wani baƙin yaji mai kifi. Shi wannan na yaba. Dokunu ne ban iya ba, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawo, na ci loma biyu na ce na ƙoshi.

Ranar Asabar muna hanyar filin wasa muka ci karo da taro, an kafa rumfuna, ana kiɗa, mata da maza cikin baƙi da ja suna rawa. Na ce wa mai tasi bikin wa ake yi? Ya ce jana'iza ce, gawar ma ta yi wata biyu a ajiye a asibiti ana jiran dangi su taru. Na yi salati. Mu da ake rasuwa da hantsi, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Baba ya ce, "Kowa da yadda shika kukan nashi, Inno. Bar su."

Filin wasan gari guda ne. Ga masu gudu, ga 'yan dambe, ga masu iyo, kowace ƙasa da launin rigarta. Sukwash can gefe aka kai shi, jama'arsa ba su kai na sauran ba. Madam Efuwa ta tarbe mu a ƙofa, 'yar siririya mai furfura da tabarau, ta riƙe hannun Baba da hannu biyu. Ta zagaya da mu wani dogon zaure da ta jera tarihin a jikin alluna. Ga raket na katako irin na farko, mai nauyi kamar muciya, ga na yanzu da ba ya kai nauyin ludayi. Ta ce a da sai wanda ke da bugun farko ke samun maki, ana tsayawa a tara, yanzu kowa ya ci an rubuta masa, ana zuwa sha ɗaya. A farkon nan maza ne zalla, daga baya aka sa mata. Ta ce abin da ya yi ta jawo cire wasan shi ne ɗaki, don ƙasar da ta karɓi baƙunci in ba ta da ɗakunan sai ta ce a bar shi, kuma ko an yi, mutum kaɗan ke iya leƙowa ta sama su gani. Shi ya sa yanzu ake yin bangon da gilashi. A cire-ciren nan ne takardun sakamakon shekarar farko suka ɓace, abin da ya rage mata sai hoton jarida guda.

Muka iso gaban hoton. Mutum uku ne a kan dandamali, kowa da lamba a wuya. Na farko da na biyu ban damu da su ba, na uku na duba. Wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai gashin baki, da tutar ƙasarmu a ƙirji, an rubuta sunansa a ƙasa da muƙaminsa na Manjo. Ba Baba ba ne, ko kama babu.

Zuciya ta taso mini. Na tuna Ɗan-Ige da maganar mai ɗaukar jaka, na tuna kwana uku a mota da kumburin ƙafa. Na matsa kusa da shi na ce a hankali, don kada Madam ta ji, "Baba, wanga munka ratso ƙasa ukku mu gani?" Ban taɓa yi masa magana da irin wannan murya ba. Bai dube ni ba, hoton yake kallo. Ya ce, "Allah shi jiƙan oga." Shi ke nan abin da ya ce.

Muna tsaye sai ga wani tsoho an riƙo shi, dogo, da sanda, kansa fari fat. Madam ta ce wannan Papa Ansa ne, ɗan ƙasarsu, shi ya zo na huɗu a shekarar. Ya bi baƙi yana gaisawa daga dama zuwa hagu, yadda suke yi, har ya iso kan Baba. Ya riƙe hannunsa bai saki ba, ya ɗaga tabarau, ya sake dubawa. Sai ya saki hannun daman, ya kamo na hagun ya ɗaga shi sama, ya yi wata ƙara da ta sa kowa ya waiwayo. Tsohon ɗan sanda ne, yana jin Hausar bariki. Ya ce, "Bahago! Kai ne! Kai ka kashe ni!" Ya juya wajen Madam yana buga sanda a ƙasa yana nuna hoton, yana ta faɗa da yarensu. Da ta fassara mini, cewa yake ya sha gaya mata wanda ya cinye shi a wasan neman na uku siririn yaro ne bahago, ba wannan mai gashin bakin ba, tana ce masa tsufa ne.

Ni dai bahagon ne ya tsaya mini. Shekarata arba'in da ɗaya ban taɓa ganin ubana ya yi wani abu da hagu ba. Da dama yake ci, da dama yake rubutu, da dama yake riƙe fartanya. Ashe kakana ne ya raba shi da hagun da bulala tun yana yaro, kamar yadda ake yi a wajenmu, bai sami inda zai fito da ita ba sai a ɗakin nan mai rufaffiyar ƙofa.

Aka zaunar da su, Madam ta kunna na'urar ɗaukar magana, Baba ya faɗi abin da bai taɓa faɗa a Kebbe ba. Manjon nan shi ne shugaban tawagarsu, shi ya koya masa riƙon raket, shi ya saya masa takalmin farko, shi ya yi faɗa har aka sa kurtu cikin masu tafiya. Shi Manjon an fitar da shi tun zagayen farko. Ranar ba da lamba, da aka kira ƙasarmu, Baba ya ƙi tashi. Ya ce, "In hau bisa, oga na ƙasa shina tafa mani? Da wane ido? Ko gidanmu, in ka yi farauta ka kamo, ba kai ka rabawa ba, gaban babba kaka ajewa. Nac ce shi hau shi amsa. Ya ƙiya sau biyu, na ukku mutane na jira, yah hau." Mai hoto ya tambayi sunan wanda ya gani a tsaye, ya rubuta. Lambar kuma aka rataye ta a gidan hafsoshi, inda kurtu ba ya shiga sai da tsintsiya.

Papa Ansa ya ce shi bai gamsu ba sai an ba su ɗaki. Aka buɗe musu ɗaya daga cikin na gwaji, Baba ya sa farin takalminsa, ya naɗe ƙafar wando. Aka miƙo ƙwallo, sai ya sa ta ƙarƙashin tafin ƙafa yana murzawa a daɓe. Wata yarinya 'yar wasan Masar da ke kallo ta yi murmushi ta gyaɗa kai. Ashe ƙwallon in tana da sanyi ba ta tashi, sai an ɗumama ta. Ba gudu suka yi ba, ina ƙafar gudun? Kowa ya tsaya a gefensa. Amma da raket ya shiga hagun Baba sai na ga wani mutum da ban sani ba. Ƙwallo ta bi jikin bango kamar an ja ta da zare, ta mutu a lungu, Papa Ansa ya miƙa hannu bai same ta ba, ya jefar da raket yana dariya yana cewa irin wannan ce, irin wannan ce ta kashe shi. Ni da na zo da abin awon jini don in hana shi wahala, ina tsaye a bayan gilashi da shi a hannu, hawaye na zuba, na manta da aikina.

Madam Efuwa ta ce da la'asar a wurin karramawa za ta gyara a gaban kowa, a sauke sunan Manjo a sa na Baba. Na ce Alhamdu lillahi, har na fara shirya yadda zan ɗauka a waya in kai wa Ɗan-Ige. Sai ta ƙara da cewa abin da zai yi nauyi shi ne ɗan marigayin ya zo tun daga Jos don ya karɓi takardar girmamawar ubansa. Baba ya tambaya wanne ne. Ta nuna wani magidanci can yana ɗaukar hoton allon, da matarsa da 'ya'yansa mata biyu. Baba ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce a bar allon yadda yake.

Na ce, "Baba, kara ta farko ta ci maka shekara arba'in ana ce maka maƙaryaci. Ta biyu kaka son ƙarawa?" Ya ce, "Oga bai sace ba, ni nab ba shi. In tashi yau gaban jikokinai in ce a sauke shi, shi kuwa ba shi da bakin da za shi ce ga yadda anka yi?" Madam ta ce ita malamar tarihi ce, tarihi ba ya kara. Ya ce, "Ki aje abin da kinka ɗauka, ban hana ki ba. Amma ba yau ba, ba gaban ɗanai ba." Na fita waje na zauna a kan dakali don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Na ji haushinsa ƙwarai, kuma har yanzu ban ce ya yi daidai ba.

Da la'asar aka kira su ɗaya bayan ɗaya. Baba ya karɓi takardar halarta irin ta kowa. Ɗan Manjo ya karɓi ta lambar tagulla, aka tafa masa, Baba ma ya tafa. Papa Ansa ne kaɗai ya harɗe hannu yana hararar silin. Bayan an tashi mutumin ya zo ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, ya ce an gaya masa tare suka yi tafiyar da mahaifinsa. Ya ce yana da shekara tara uban ya rasu, hoton nan shi ne a falonsu, shi yake nuna wa yaransa. Ya ce, "Baba, da gaske ya iya wasan nan?" Baba ya dafa kansa ya ce, "Duk abin da na iya, shi ya koya mani." Shi ya sa ko a nan ban rubuta sunan Manjon ba, Baba ya roƙe ni.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Hajiya Kulu ta tsaya sayar da albasarta, muka biyo hanya mu biyu, yanzu ni ce jagora. Kwana uku ba mu yi wata doguwar magana ba, sai "sha magani" da "miƙo hannu." Sai da muka wuce Tsamiya, muka hau motar Bagudo, na ji iskar gida, sannan bakina ya buɗe. Na ce, "Yanzu mi za mu ce ma mutanen Kebbe? Ba lamba, ba suna ga allo. Dariya za su ci gaba da yi." Na ce, "Baba, ka yafe mani. Ni ma ban yarda da kai ba, tun tuni."

Ya ce, "Na sani. Tun kina firamare nas sani, randa kinka bar tambayata labarin." Ya gyara hularsa, ya leƙa taga yana duban gonakin dawa. Ya ce, "Mutanen Kebbe su yi ta dariya, Inno, ba ni nah haife su ba. Ke nah haifa. Kin gani ko ba ki gani ba?"

Na ce na gani.